Kiredit na Aji Uku da Huɗu: Wace Hanya Jami'ar Amurka Za Ta Yarda Da Ita?

Da daddare ne bayan isha'i ƙanena ya shigo, ko rigar aiki bai tuɓe ba. Tuƙin motar kai kaya yake yi a nan Amurka, ga iyali, kuma ya kusa shekara yana karatu ta intanet a ɗan tsakanin da yake samu. Ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, don Allah duba min takardar nan. Sun ce sun karɓi karatuna, amma wai har yanzu da sauran kwas tara a kaina. To me suka karɓa?"

Na karɓa na yi ta ja da yatsa. A saman takardar an rubuta kiredit 96 sun shiga, abin da zai faranta wa kowa rai. Sai can ƙasa na ga wani ɗan layi da ƙananan haruffa: kiredit na sama da ake bukata 30, wanda yake da shi 3. Na nuna masa. Ya zuba wa layin ido, shayin da aka kawo masa har ya huce bai taɓa ba. Babu wanda ya cuce shi. Makarantar dokarta ta bi, kamfanin da ya sayar masa da kwasa-kwasan ma bai ɓoye komai ba. Ya tambayi makarantar ko za su karɓa, suka ce za su karɓa. A wane mataki za su karɓa, nan ne bai tambaya ba.

Tun daga wannan dare nake son in zauna in jera hanyoyin samun kiredit na sama kusa da juna, domin 'yan'uwa da yawa suna kan wannan turba: masu aiki da rana su yi karatu da dare, da waɗanda suka baro jami'a a gida ba su ƙarasa ba, da mata masu renon yara da ba su da halin zaman aji.

Kiredit a nan ba irin na WAEC ko NECO ba ne da muke cewa wane ya ci kiredit biyar. Shi ne abin da jami'o'in Najeriya ke kira yunit, wato ma'aunin nauyin kwas. A ƙa'idar gwamnatin Amurka kiredit ɗaya daidai yake da awa ɗaya a aji da awa biyu na nazari kowane mako, har tsawon kimanin mako 15. Yawancin kwasa-kwasai kiredit 3 ne, digirin farko kuwa galibi kiredit 120 ne. Lambar kwas ita ke nuna matakinsa, kamar yadda muka saba a gida: 100 da 200 na aji ɗaya da aji biyu ne, su ne na ƙasa, 300 da 400 na aji uku da huɗu, su ne na sama. Wasu makarantun 3000 da 4000 suke rubutawa, ma'anar ɗaya ce. Kowace jami'a tana da adadin na sama da sai ka cika kafin ta miƙa maka digiri, kuma na ƙasa ko buhu guda ka tara ba zai toshe gurbin na sama ba.

Ƙofa uku kwas ɗin waje yake bi. Da farko a yarda cewa karatu ne na ƙwarai. Sannan a yarda cewa abin da ke cikinsa da zurfinsa sun kai matakin aji uku ko huɗu. Daga nan a sama masa gurbi a cikin digirin da kake nema, don kwas yana iya wuce ƙofa biyun farko a ƙarshe a ajiye shi a gefe a matsayin na zaɓi, wanda ba ya rage maka komai a fanninka. Manyan ƙungiyoyin ilimi na Amurka guda uku, ACE da CHEA da AACRAO, a matsayarsu ta haɗin gwiwa kan karɓar kiredit waɗannan ukun suka kafa: inganci, daidaito, da dacewa. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. A 2017 ofishin binciken kuɗaɗen gwamnatin Amurka, GAO, ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun rasa kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Kuma waɗannan daga makaranta zuwa makaranta suka tafi, balle wanda ya zo da takardar kamfani.

Hanyar da ta fi ƙarfi: kwas a wata jami'ar

Mutum zai iya yin rajista a jami'ar shekara huɗu a matsayin baƙon ɗalibi, ba don digirinta ba, ya ɗauki kwas ɗaya ko biyu mai lamba 300 ko 400, ya sa a aika sakamakon zuwa makarantar da zai kammala. A duk hanyoyin wannan ce ba a cika jayayya da ita ba. Lambar kwas ɗin tana rubuce a tiranskirif, sakamakon A ko B yana rubuce, malamin jami'a ne ya koyar, jami'a ce ta buga hatimi. Jami'ar Brigham Young da ke jihar Utah, alal misali, tana da sashen karatu daga nesa mai kwasa-kwasan aji uku da huɗu wanda mutum ke bi da saurinsa, kuma jami'o'in jihohi da dama suna buɗe azuzuwan bazara ga baƙi.

Tsada ita ce matsalarta. Kwas ɗaya yana iya cin abin da zai biya maka watanni a kamfanonin intanet. Akwai kuma ƙananan tarkuna. Yawancin makarantu ba sa karɓar kwas ɗin da sakamakonsa ya gaza C. Idan jami'ar da ka yi kwas ɗin tana raba shekararta gida huɗu ne maimakon zango biyu, kiredit ɗinta kashi biyu cikin uku ne na na zango, wato kwas mai kiredit 4 a can zai sauka 2 da ɗoriya a nan, ka rasa cikon gurbin kiredit 3. Sai batun hukumar da ta tantance jami'ar. Tun Yulin 2020 ma'aikatar ilimi ta Amurka ta daina bambanta hukumomin yanki da na ƙasa baki ɗaya, amma ofisoshin rajistara da yawa har gobe tsofaffin hukumomin yanki suke fifitawa, irin su MSCHE da NECHE da HLC da SACSCOC. Ka duba sunan hukumar kafin ka biya ko sisi.

Kar a haɗa wannan hanyar da kwalejojin shekara biyu na unguwa. Suna da araha, karatunsu na ƙwarai ne, ni kaina ina tura mutane can. Sai dai aikinsu shi ne aji ɗaya da aji biyu. Za ka ga kwas a can sunansa ɗaya da wani mai lamba 300 a jami'a, littafin ma ɗaya, amma a mafi yawan lokuta na ƙasa za a rubuta maka shi. Wani lokaci ma a yafe maka maimaita kwas ɗin, amma a ce adadin na sama yana nan a wuyanka.

Kamfanonin intanet masu shaidar ACE da NCCRS

Nan ne jama'armu suka fi tururuwa, nan ne kuma aka fi yin tuntuɓe, don haka bari in daɗe a kai.

Kamfanonin nan ba jami'o'i ba ne, ba sa ba da kiredit da kansu. Abin da suke yi shi ne su kai kwas ɗinsu gaban wata hukuma, ta tara malaman jami'a su duba manhajar da jarrabawar, su ce wannan ya kai kiredit kaza a mataki kaza. Hukumomin biyu ne. ACE, majalisar ilimi ta Amurka da aka kafa a 1918, ita ce babba, ita ce kuma ke auna horon sojojin Amurka ta mayar da shi kiredit. NCCRS kuwa tana ƙarƙashin hukumar ilimi ta jihar New York tun 1973. Abin da suke bayarwa shawara ce, ba umarni ba. Jami'a tana da ikon ta karɓa, ta ƙi, ko ta karɓa ta sauke matakin. Makarantun da ke sauraron ACE sun fi masu sauraron NCCRS yawa, wannan ma abin sawa a lissafi ne.

A cikin kamfanonin, Sophia ita ce aka fi ambata a hirar 'yan'uwa, kuma da dalili: dala 99 a wata, kwas biyu a lokaci guda, ka gama ɗaya ka buɗe wani. Mai himma zai iya share darussan gama-gari, irin su Turanci da lissafi da tarihi, cikin 'yan watanni. StraighterLine ma kusan haka take, sai dai ita bayan kuɗin wata akwai na kowane kwas. Amma kusan duk abin da ke cikin shagunan biyu na ƙasa ne. Wanda ya je can neman kiredit na aji uku ya je kasuwar hatsi neman shanu.

Study.com ita ce ke da ɗimbin kwasa-kwasai masu lamba 300 da ACE ta ce sun kai matakin sama, musamman a fannin kasuwanci da gudanarwa da kwamfuta da tarihi da ilimin halayyar ɗan Adam. Tsarin da ke ɗauke da su ya haura dala 200 a wata. Ba kallon bidiyo da zaɓen amsa kawai ba ne, sai ka rubuta aikin gida, wani ya duba ya ba ka maki, kuma jiran makin yana iya tsallaka da kai zuwa wani watan biya. Duk da haka idan ka auna da kuɗin kwas ɗaya a jami'a, tazarar tana da yawa. Saylor kuwa karatunta kyauta ne, ɗan kuɗin sa ido a jarrabawa kawai ake biya, kuma a cikin kwasa-kwasanta akwai na sama. Sai dai duk nauyin yana kan jarrabawa guda, babu malamin da zai riƙe hannunka. Akwai kuma ƙananan kamfanoni irin su Coopersmith masu shaidar NCCRS da jarrabawoyin sama masu yawa, amma makarantun da ke karɓarsu 'yan kaɗan ne.

Abin da ya kamata kowa ya iya shi ne karanta shaidar da idonsa. ACE tana da kundi a intanet, na NCCRS ma haka, kyauta ake shiga. Ka nemo kwas ɗin da sunansa. Za ka ga adadin kiredit, za ka ga matakin, za ka kuma ga ranar da shaidar ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Wannan ranar mutane ke tsallakewa. ACE kan sake duba kwasa-kwasai kusan duk shekara uku, kuma a sake dubawar kwas ɗin da yake na sama yana iya dawowa na ƙasa. Ranar da ka kammala ita ake dubawa. Abokinka da ya yi kwas ɗin shekara biyu da suka wuce aka ba shi na sama gaskiya ya faɗa maka, amma shaidarsa daban, taka daban. Lambar da kamfani ya liƙa wa kwas ɗinsa ma ba hujja ba ce. Abin da ke cikin kundin da abin da jami'arka ta rubuta su ne hujja.

Raunin wannan hanya da ba a cika faɗa ba shi ne sakamako. Kiredit ɗin ACE galibi ba ya shiga da A ko B, "ya ci" kawai ake rubutawa, ba ya taɓa matsakaicin makinka. Ga wanda takardar kawai yake bukata don ƙarin girma a wurin aiki, babu damuwa. Amma mai burin digiri na biyu a fanni mai gasa, ko aikin jinya, ko likitanci, ko lasisin akanta, za a zo a buɗe tiranskirif ana neman a ga yadda ya yi a manyan darussan fanninsa, sai a tarar babu maki. Bugu da ƙari tallafin gwamnatin tarayya irin su Pell ba ya biyan waɗannan kamfanonin, daga aljihu ne. Wanda ya cancanci cikakken tallafi zai iya tarar da cewa kwas a cikin jami'arsa ya fi masa sauƙi fiye da wanda ake kira mai araha.

Jarrabawa kai tsaye, da kundin ƙwarewa

CLEP ba sai mun ɓata lokaci ba. Jarrabawa 34 ce ta ƙungiyar College Board da ake zaunawa a samu kiredit ba tare da yin kwas ba, ana neman maki 50 cikin 80, kuɗinta bai kai dala 100 ba, gidauniyar Modern States ma tana biya wa wanda ya bi darussanta. Alheri ce babba, amma ta aji ɗaya da biyu ce.

DSST, wadda asalinta don sojoji aka yi ta kafin a buɗe wa kowa, tana da 'yan jarrabawoyi da ACE ta daɗe tana ba matakin sama, kamar ta harkar kuɗi da banki da ta tarihin Tarayyar Sobiyet. Dala 100 ce ban da kuɗin cibiyar, ana neman maki 400 cikin 500. A zama ɗaya na awa biyu mutum ya tashi da kiredit 3 na sama, babu abin da ya kai wannan sauƙi. Amma ba su da yawa, kuma da wuya su faɗa daidai gurbin fanninka. TECEP ta fi ban sha'awa, domin jarrabawa ce ta Jami'ar Thomas Edison da kanta, saboda haka kiredit ɗin yana fitowa a tiranskirif na jami'a, ba a takardar shawara ba. Ta fi DSST wuya, wasu har da rubutun bayani mai tsawo. Idan ka ci karo da tsohon bayani yana yabon jarrabawar UExcel, ka wuce: Jami'ar Excelsior mai ita ta rufe ta a 2022.

Sai kundin ƙwarewa. Wanda ya shekara goma yana riƙe da shago ko yana gyaran na'urorin sadarwa zai iya ɗaukar manhajar wani kwas na aji uku, ya bi ta maudu'i bayan maudu'i yana rubuta yadda ya san kowanne, ya haɗa da shaidun aiki, malami ya duba ya ba shi kiredit. Ina girmama wannan hanyar, don tana mutunta gumin mutum. Amma tana son mai iya rubutun Turanci mai tsawo, tana ɗaukar lokaci, kuma kiredit ɗin da wata jami'a ta bayar ta haka ba kasafai wata take karɓa ba. A makarantar da za ka kammala kaɗai ake yin ta.

Karatun da ka baro a gida

Wannan ce taskar da da yawa daga cikinmu suke kwana a kanta ba su sani ba. Wanda ya kai aji uku a Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo kafin ya taso, ko ya yi babbar difloma, ko ya yi shekara ta uku a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a Jami'ar Ghana da ke Legon, wataƙila yana riƙe da kiredit na sama da ya fi duk abin da zai saya a intanet. Da tsohuwar zuma ake magani.

Jami'ar Amurka ba za ta karanta tiranskirif ɗin gida da kanta ba, sai ta tura ka wurin masu auna takardun waje, galibi mambobin ƙungiyar NACES. WES da ECE su ne aka fi sani. Awo iri biyu suke yi, kuma a nan ake kuskure. Mai arahar yana faɗin daidai da me takardarka take ne kawai, a dunƙule. Wanda kake bukata shi ne na kwas-bayan-kwas, wanda ke jera kowane darasi da kiredit ɗinsa da sakamakonsa, ya kuma nuna matakinsa. A rahoton WES za ka ga harafin L a gefen na ƙasa, U a gefen na sama. Waɗannan U ɗin su ne dukiyarka. Darussan shekara biyun farko, har da na ƙaramar difloma, ka sa ran ƙasa za su faɗa. Mai takardar Nijar kuma ya san cewa a tsarin LMD na jami'o'in can, digirin farko, wato lasisi, kiredit 180 ne a shekara uku, kuma a awon da aka saba biyu nasu ne ɗaya na Amurka, kar ya ga adadin ya ragu ya zaci an zalunce shi.

Kafin ka biya mai awo ka tambayi jami'ar wanne take karɓa, don wata tana da nata zaɓin. Makarantarka ta gida ce za ta aika takardar kai tsaye, ba kai ba, kuma duk wanda ya taɓa bibiyar tiranskirif daga nesa ya san sai da wakili mai haƙuri. Ka fara da wuri. Idan tsohon littafin sashenku mai bayanin kwasa-kwasai yana nan a akwati a gida, a ɗauko shi a ɗauki hotonsa shafi-shafi. Mai awo mataki kawai zai nuna, amma wanda zai ce "wannan ya maye gurbin kwas kaza namu" shugaban sashe ne, shi kuma abin da aka koyar yake son gani.

Makarantar da za ta ba da digirin

Duk kwatancen da na yi a sama ba ya tsayuwa sai an san ina za a kai kayan. Tun ran gini ran zane. Akwai jami'o'i uku da aka kafa su musamman don manya masu tarin karatun waje, duka a farkon shekarun 1970. Excelsior da ke Albany a jihar New York, 1971, tana karɓar har kiredit 113 cikin 120, amma digirinta na fannonin gama-gari yana neman 30 na sama. Thomas Edison da ke Trenton a New Jersey, 1972, a digirinta na BA 18 na sama take nema a cikin fannin da ka zaɓa, abin da ya sa masu zuwa da kiredit ɗin kamfanoni suke sonta. Sai dai ba ta karɓar fiye da 90 daga waɗanda ba makarantu ba, kuma tana da wani kuɗi na musamman ga wanda bai yi isassun kwasa-kwasai a wurinta ba. Charter Oak ta jihar Connecticut, 1973, ita ma 30 na sama take nema, kuma 87 ne iyakar abin da take ɗauka daga kwalejin shekara biyu. Dukansu sai ka yi kwas ɗin shiga da na kammalawa a wurinsu, na ƙarshen kamar furojet ɗinmu na aji huɗu yake.

Akwai kuma wata dabara da ta sauya lissafin gaba ɗaya: kar ka kawo na sama daga waje sam. Jami'ar Maine da ke Presque Isle tana da shirin YourPace, tana karɓar kiredit har 90 daga waje, sauran 30 ka yi a wurinta, kuɗi ɗaya a kowane zango na mako 8 komai yawan kwas ɗin da ka gama. Ka kawo na ƙasa da araha, ka yi manyan darussan a cikin gida, su fito da maki a tiranskirif. Jami'ar Western Governors, WGU, ma haka take da zangon wata shida, tana karɓar har kashi 75 cikin ɗari na digiri, tana kuma wallafa jerin kwas ɗin waje da ya yi daidai da nata. Sharaɗinta mai tsauri shi ne duk abin da za ka kawo sai ka kawo kafin ka fara, da ka shiga an rufe ƙofa. Kuma mazauna Amurka take ɗauka.

To wacce za a ɗauka? Idan ni aka tambaya, ga yadda nake raba mutane. Mai tsohon karatun jami'a a gida ya fara da awon kwas-bayan-kwas kafin komai, don wataƙila rabin matsalarsa ta riga ta warware. Mai niyyar wucewa digiri na biyu ko neman lasisin sana'a ya yi na ƙasa a inda ya fi sauƙi, amma manyan darussan fanninsa ya yi su a jami'a, ko a matsayin baƙo ko a shiri irin na Presque Isle. A nan araha ba ta ado. Wanda kuwa shekaru sun ja, yana da aiki a hannu, takardar ce kawai ta tsaya tsakaninsa da ƙarin matsayi, Study.com da ɗaya ko biyu daga DSST da TECEP, a kai su ɗaya daga jami'o'in nan uku, sun ishe shi, kuma digirinsa halastacce ne, kar wani ya raina masa. Ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 shi nasa daban ne, domin kwas ɗaya kawai na intanet ake ƙirga masa a cikin nauyin zangon da doka ta wajabta, sai ya fara da ofishin ɗaliban waje na makarantarsa.

Wanda ke da niyyar komawa Najeriya da takardar ya ƙara tunani ɗaya. Digirin waje sai ma'aikatar ilimi ta tarayya ta tantance shi, hukumar NYSC kuma tana neman fasfo mai nuna shiga da fita daga ƙasar da aka yi karatun. Saurayin da ke zaune a Kano ko Kaduna yana shirin haɗa digirin Amurka daga ɗakinsa, da burin bautar ƙasa da aikin gwamnati, ya binciki wannan tun kafin ya canja nairarsa ta farko zuwa dala.

Komai hanyar da ka zaɓa, ka sa a rubuta maka. Maganar waya da jami'in ɗaukar ɗalibai ba ta ɗaure kowa, shi aikinsa ya shigo da kai. Ofishin rajistara ko mai ba ka shawarar karatu za ka aika wa imel, da sunan kwas ɗin da lambarsa da lambar shaidar ACE, ka yi tambaya a fili: za ku karɓa, a matsayin wane kwas naku, a wane mataki, kuma wane gurbi zai cike a digirina? Shafin Transferology da jerin daidaiton da jami'o'i ke wallafawa suna taimakawa wajen tacewa, amma amsar da ta zo da sunanka ita ce abin riƙewa. Idan ka riga ka zama ɗalibinsu, makarantu da yawa suna da fom na neman izini kafin yin kwas a waje, a cike shi. Idan kuma an sauke maka kwas zuwa ƙasa kana ganin ya kai sama, akwai ɗaukaka ƙara. Ka haɗa manhajar, da sunan littafin da aka karanta, da kwas ɗin da aka sharɗanta a yi kafin shi, da samfurin aikin da ka rubuta. Sharaɗin nan na "sai ka yi kaza kafin ka shiga" yana da nauyi a idon malamai, don shi ke nuna an ɗora kwas ɗin ne a kan wani.

Haka muka yi da ƙanena a daren, muka zauna har wajen sha biyu. Muka jera gurabe taran a takarda, kowanne muka rubuta masa hanya biyu a gabansa. Sai a tsakiyar hirar ya ce, "Yaya, ai na yi zango ɗaya a aji uku kafin in taho, ban ɗauka zai yi amfani ba." Washegari ya kira gida aka fara bin tiranskirif, shi kuma ya aika imel ɗin da tambayoyin nan huɗu. Bai sake biyan kuɗin wata a ko'ina ba sai da amsar ta dawo a rubuce, da lambar kowane kwas da matakinsa a gefe.